Samun ƙwayar HPV a gwaji ba ya nufin sankara ta kama mace

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarku mai albarka domin mu yi wa masu karatu bayani kan gwajin ƙwayar cutar HPV. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da shi ya kamata a fara binciken sankarar bakin mahaifa, a fifita shi kan gwajin Pap (duban ƙwayoyin fatar bakin mahaifa a ɗakin gwaji) da duban da ake yi da ruwan khal. Abin da ya sa muka rubuto shi ne yadda ake fahimtar sakamakonsa. Mace ta ji an ce "an samu ƙwayar", sai hankalinta ya tashi, ta ɗauka sankara ce. Wata kuma tsoro ya hana ta komawa asibiti, alhali komawar ce amfanin gwajin.

Ƙwayar da ke haddasa sankarar ake nema a wannan gwaji. HPV ta haura iri 200, kusan 14 ne masu haɗari, kuma iri na 16 da na 18 kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma garkuwar jiki kan kawar da mafi yawanta cikin shekara biyu ba tare da magani ba. Wadda ta maƙale ita ce abin damuwa, domin a hankali take sauya ƙwayoyin fatar bakin mahaifa, ta ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki. Af, kada a manta, gwajin ba ya faɗin lokacin da aka kamu ko daga wa. Ƙwayar na iya kwanciya shekaru, don haka ba hujjar zargi ba ce tsakanin ma'aurata.

Ana farawa a shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10 idan ba a samu komai ba. Ƙasa da 30 kamuwa ta yi yawa kuma tana wucewa da kanta, gwaji sai ya jawo fargaba da maganin da ba a buƙata. Mai ɗauke da HIV, wadda haɗarin kamuwarta da sankarar ya ninka sau shida, ita tun shekara 25 za ta fara, duk shekara 3 zuwa 5. Wadda ta yi rigakafin HPV ma sai ta yi gwajin, don allurar ba ta kare dukkan ire-iren ba.

Ɗaukar samfur ba wuya. Ma'aikaciyar lafiya na iya ɗauka daga bakin mahaifa, ko mace ta ɗauka da kanta: ta wanke hannu, ta zura tsinken audugar cikin gabanta, ta juya shi yana shafar gefe na kamar daƙiƙa 20, ta mayar cikin kwalbarsa ta rufe. Ba sai ya taɓo bakin mahaifa ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne a taɓa kan audugar da yatsa, ko a ɗauka ana tsakiyar jinin al'ada, ko bayan an sa maganin matsi ko man shafawa a gaba, ko a bar kwalba babu suna. Idan na'urar ba ta ga ƙwayoyin jikin mutum a samfurin ba, sakamakon kan fito a matsayin lalatacce. Wannan ba "lafiya lau" ba ne, sai an sake.

To idan an samu ƙwayar fa? Sai a duba bakin mahaifa, a shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, a jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa zai yi fari. Idan duk wurin na ganuwa, bai kai kashi uku cikin huɗu na bakin mahaifa ba, kuma bai shige ciki ba, ana ƙone shi da na'ura mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da shi. In ya fi haka, sai a yanke wurin da siririyar waya mai lantarki a kai ɗakin gwaji. Bayan haka ruwa zai riƙa fita har kusan mako huɗu, a ƙaurace wa saduwa a lokacin, sannan a sake gwajin HPV bayan wata 12. A nan ne mata suka fi daina dawowa, shi ya sa muke ganin duk cibiyar da ba ta da tsarin kiran mace ta dawo, bai kamata ta fara ɗibar samfur ba.

Amma wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ta jira wannan gwaji, ko da na baya ya nuna babu ƙwayar. Likita ya duba ta kai tsaye.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar mata