Kada tausayi ya sa mu zaunar da tsofaffi masu tsukewar ƙashin baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani ciwo da ke zaunar da tsofaffi da yawa, wanda mu 'ya'yansu kan ƙara masa ƙarfi da hannunmu saboda tausayi.

Mahaifina shekararsa 73. Shekara uku da suka wuce muka lura idan ya fita ba ya cika minti biyar yana tafiya sai ya tsaya, ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuya kamar wanda wani abu ya faɗi masa a ƙasa. In an tambaye shi ya ce babu komai. Sai daga baya ya gaya min gaskiya: wani nauyi ne ke taso masa daga kwankwaso, ya bi cinyoyi har sha-raɓa, ƙafafun su yi dindiris kamar ba a jikinsa suke ba. Da zarar ya zauna minti biyu ko uku, abin ya lafa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne bayan nasa bai cika damunsa ba, ƙafafun ne suka hana shi sakat.

Mu kuwa muka yi abin da muke gani gata ne. Muka ce Baba ya huta. Muka ɗauke masa duk wata fita, ko kofin ruwa sai a kai masa inda yake. Wata takwas muka yi a haka. Cinyoyinsa suka zube, tashi daga kujera ya zama sai an kama shi, mutumin da ba ya gajiya da hira ya koma shiru-shiru. Har yau in na tuna watannin nan raina yana ɓaci, domin ƙarfin da ya rasa a lokacin zama ne ya cinye shi.

Da muka kai shi asibiti aka yi hoton MRI, wanda ke nuna cikin jiki, likita ya zana mana abin a takarda. Ƙasusuwan baya na ƙugu guda biyar ne, akwai wata kafa a tsakiyarsu da jijiyoyin ƙafafu ke bi. Da shekaru suka ja, faifan da ke tsakanin ƙashi da ƙashi yakan bushe ya lotse, gaɓoɓin baya su yi kauri, jijiyar da ta ɗaure ƙasusuwan ta ciki ita ma ta yi kauri, sai kafar ta tsuke, galibi tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar. In mutum ya miƙe tsaye kafar ta ƙara matsewa, in ya sunkuya ko ya zauna ta ɗan buɗe. A nan na gane sunkuyon da Baba yake yi a bakin hanya: jikinsa ya riga mu gano inda sauƙi yake. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Henk Verbiest, ya bayyana wannan lalura tun 1954, amma ni da karatuna ban taɓa jin ta ba sai da ta shigo gidanmu.

Likitan ya duba bugun jini a ƙafafun Baba kafin komai. Ya ce toshewar hanyoyin jini ma takan kawo ciwon ƙafa in ana tafiya, sai dai mai wannan in ya tsaya cak ciwon ya tafi, shi kuwa mai tsukewar baya tsayuwa ba ta wadatar da shi, sai ya zauna ko ya duƙa. Ya kuma ce kada hoton ya firgita mu, domin akwai tsofaffi da yawa da hoto zai nuna tsukewa alhali lafiyarsu ƙalau. Da yayana ya yi saurin tambayar yaushe za a yi tiyata, sai ya ce masa a fara da gashin ƙashi tukuna.

Likitar fisiyo, wato ta gashin ƙashi, da ta karɓe shi ta fara da auna shi da agogo. Minti uku ya yi a tsaye yana takawa, ya nemi kujera. Sai ta ɗora shi a kan keken motsa jiki, irin wanda ba ya tafiya. Ya sunkuya ya riƙe ƙaho, ya yi minti goma sha biyu yana murzawa, babu nauyi babu dindiris. Na ga fuskarsa a lokacin. Ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Ashe suna nan."

Daga nan ta tsara masa aiki. Kullum da safe ya kwanta rigingine ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji ya riƙe, ya saki, ya maimaita. Ya tashi daga kujera ya koma sau goma ba tare da dafawa ba, don ƙarfin cinya da ɗuwawu. Ta koya masa yadda zai tamke ciki ya ɗan shigar da ƙugu in yana tsaye, don bayan kada ya lanƙwashe ciki. Tafiya kuma ta ce a yanka ta gunduwa-gunduwa: ya taka har ya ji nauyin ya soma, ya zauna ya lafa, ya tashi ya ci gaba. Ta nanata masa cewa jin nauyin ba ya nufin yana lalata wani abu. Wannan maganar ta fi komai amfani, domin tsoro ne ya fi ɗaure shi. Na saya masa ɗan littafi yana rubuta mintunan kowace rana. Sandar dogarawa ce kawai muka sha fama a kanta, yana ganin kamar sallamawa ce, sai da ya ga tana ƙara masa nisa ya karɓa.

Ba ina cewa tiyata ba ta da amfani ba ne. A 2015 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutum 169 da aka riga aka ga sun cancanci tiyata. Aka raba su biyu, wasu tiyata wasu gashin ƙashi, bayan shekara biyu ƙarfin jikin ɓangarorin ya zo kusan ɗaya. Amma fiye da rabin waɗanda suka fara da gashin ƙashi daga baya sun koma an yi musu tiyatar. Abin da na fahimta shi ne wanda ya fara gwada motsa jiki bai yi asara ba, ƙofar tiyata tana nan a buɗe in ya buƙace ta.

Batun magani na fi jin tsoro. Kafin mu je asibiti Baba ya daɗe yana shan magungunan kashe zafi ibuprofen da diclofenac ba da izinin kowa ba, ga shi da hawan jini. Waɗannan suna iya ƙwaƙule ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga jini, musamman ga tsoho. Magungunan jijiya irin su pregabalin kuma sukan kawo jiri da barci, jiri ga mai shekara saba'in kuwa faɗuwa ce da karayar ƙugu. Allurar baya ma da ake zumuɗinta, wani gwaji a Amurka a 2014 kan mutum 400 ya nuna ƙara sinadarin sitiroid a cikin allurar kashe zafi bai kawo wani bambancin kirki ba bayan mako shida.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya, likitan ya sa na rubuta su: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi da mazauni su mutu, ko ƙafa ta soma rauni da sauri har tafin yana jan ƙasa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya garzaya asibiti a lokacin.

Baba bai warke ba, tsukewar tana nan, akwai ranakun da yakan tashi da nauyi. Amma shafin farko na littafinsa minti 3 ne, na makon jiya minti 25 da zama biyu a hanya. Roƙona, Edita, shi ne ku gayyato likitan ƙashi da na fisiyo su yi bayanin wannan ciwo a shafinku na lafiya, da zanen motsa jikin yadda tsoho zai gani ya gane. Ni zan yanke shafin in kai wa Baba, akwai abokansa biyu da yake cewa su ma suna dafa gwiwa a hanya.

Na gode.

Wata mai karanta jaridarku