Nasarar Jiha Guda Kan Juya Takarar Shugabancin Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake tafkawa a majalisun masu sauraron rediyo a nan Zariya, inda wasu ke cewa zaɓen fid da gwani na jiha guda a Amurka bai taka kara ya karya ba, tunda daliget ɗinta, wato wakilan da ke zaɓar ɗan takara, ba su da yawa. A ganina lissafin nan bai cika ba, domin jihohin ba rana ɗaya suke zaɓe ba, kuma duk wanda ya yi nasara a kan gaɓa, shi masu ba da kuɗin kamfe da 'yan jarida ke rububi.

A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat a 2020 Joe Biden ya zo na huɗu a jihar Iowa, na biyar a jihar New Hampshire, har an fara cewa tasa ta ƙare. Ranar 29 ga Fabrairu sai ya lashe Carolina ta Kudu da gagarumin rinjaye, albarkacin ƙuri'un baƙaƙen fata da goyon bayan ɗan majalisa Jim Clyburn. Cikin kwana biyu abokan takararsa Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka mara masa baya, ranar 3 ga Maris kuwa ya cinye jihohi 10 cikin 14, ya sha gaban babban abokin hamayyarsa Bernie Sanders.

Mu da muka saba ganin daliget sun taru a Abuja sun gama komai cikin dare ɗaya, dole tsarin ya zo mana baƙo.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya