Ɗan ci-rani ma mutum ne, ba alat kaɗai ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka tashi zancen 'yan ci-rani lissafin kuɗi kawai ake yi, wane ya turo kaza, wane ya sayi fili a Rigasa, wane ya kai uwarsa Makka, amma shi wanda ya tafi ɗin ba mai tambayar yaya zuciyarsa take.

Ƙanena ne ya sa na ɗau biro. Yaron nan ya tafi Ikko yin acaba, yana zaune wajen Agege su takwas a ɗaki ɗaya, wasu in sun tashi da asuba wasu ke kwanciya a gurbinsu. Duk Juma'a sai mun ji alat, mu kuma daga nan Tudun Wadar Kaduna kiran da muke masa bai wuce masara ta ƙare, an koro yara kuɗin makaranta, wance ta haihu ga suna ya matso. Ni kaina da nake wannan rubutun ban fita ba, wallahi kafin gaisuwa ta ƙare na sako buƙata, in na ce ya aiki ya ce an gode Allah, shikenan na ɗauka lafiya lau ne.

Ranar 1 ga Yunin 2022 dokar hana acaba ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, ba a jima ba mashin ɗinsa ya tafi, kuma bai ma gama biyan kuɗinsa ba. Wata biyar cur bai gaya mana ba. Ashe dako ya koma yi a kasuwar Mile 12, yana cin bashi yana turo mana don kar alat ɗin Juma'a ya yanke, ga tramol da ya fara sha tun yana kan mashin wai don ya jure aikin safe zuwa dare. Da na tambaye shi daga baya me ya hana shi dawowa, ce min ya yi da wane ido zai kalli Inna ya shigo mata hannu rabbana, alhali sa'anninsa suna zuwa sallah da sabuwar waya da shadda.

Da asuba ya sauka a tashar Mando da leda ɗaya. Wanda ya shigo gidan nan ba shi muka raka tasha ba. Ba barci, ba majalisa, sai ya wuni a ɗaki yana kallon bango, in ya ji jiniya a titi sai ka ga ya zabura kamar za a kama shi. Nan fa kowa ya zama masani, wannan ya ce sammu ne Yarbawa suka yi masa, waccan ta ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ni ban raina addu'a ba, har gobe muna yi, amma ranar da wani abokina ya ce mu gwada asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa kuka Inna ta sa, don kowa ya sani a garin nan in aka ce a kai ka Barnawa to an gama ce maka mahaukaci. Muka je a ɓoye kamar masu laifi. Likita ya ce ciwon damuwa ne ya haɗu da ƙwaya, aka ba shi magani aka sa masa ranakun zuwa ana zama da shi ana hira. An ce Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, to madalla, amma a unguwa har yau kalma ɗaya muke da ita, hauka.

Wannan fa Ikko ce kawai, nan cikin ƙasa. Ina ga wanda ya bi ta Agadas ya ratsa sahara zuwa Libiya, ko matanmu da ke aikatau a Saudiyya ba takardu? Ya kamata jaridarku ta nemi irin waɗannan ta ji daga bakinsu, limamai ma su taɓo shi a huɗuba.

Kuma abin da na gane a makare, ashe yaron nan bai dawo hannu rabbana ba. Yana jin Yarbanci, ya iya adashi da tattali, shi da a da naira ba ta kwana a aljihunsa, sannan rashin kuɗin bakanike ya sa ya koyi kwance injin mashin da kansa. Yanzu da shi yake ci, yana da 'yar rumfarsa da yara biyu suna koyo. In samari suka zo neman shawarar tafiya ba ya ce musu kar su je, cewa yake in abu ya ɓaci a faɗa a gida da wuri. Shekaranjiya ina zaune a rumfar ya kira wani tsohon abokin ɗakinsu da ke can har yanzu, kusan minti ashirin yana tambayarsa ko yana samun barci, ko ya ci abinci, har katin ya ƙare.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna