Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Shirinmu na Kare Littattafai da Kayan Tarihi daga Ambaliya da Gobara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu masu riƙe da littattafan gado, ma'aikatan ɗakunan karatu da ma'adanar takardu da gidajen tarihi, 'yan'uwa mambobi maza da mata. Ga rahoton ofishin sakatare a kan abin da Allah Ya ba mu ikon yi a wannan shekara. Shiga da fitar kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, ba zan taɓa shi ba sai inda ya zama dole.

Babban taronmu da ya gabata aiki ɗaya ya ɗora wa kwamitin zartarwa: a fito da shirin da za mu bi idan ruwa ko wuta suka afka wa abin da ke hannunmu. Kowa ya san abin da ya jawo haka. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa da babbar kasuwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Shekara 30 ke nan bayan ambaliyar 1994. A farkon wannan Satumbar ta 2024 kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda mamakon ruwan sama. A irin wannan musiba rayuka da gidaje da gonaki ake ƙirgawa, kuma haka ya dace. Amma Borno ƙasa ce ta masu rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma gafakar da ke zauren malami ba ta shiga lissafin hukuma, domin tun asali ba a rubuta a ko'ina cewa tana nan ba.

Da zagayen gani da ido muka fara. Sunayen da kowa ke kamawa idan ana zancen rubutun gado su ne Gidan Arewa da ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Makama a Kano, gidan tarihi na Jos. Waɗannan suna da ma'aikata da hukumomin da ke kansu. Kwamiti ya ga cewa ƙarfinmu kaɗan ne, gara mu zuba shi inda babu kowa: gidajen malamai, ɗakunan karatu na makarantu da masallatai, da ɗakunan ajiya na masu sarauta a ƙananan garuruwa. Abin da muka tarar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Akwatin ƙarfe ajiye a kan daɓe, jingine da bangon da ke tsotsar danshi. Indararo a toshe tun kafin damina. Gara ta yi hanya a bayan kanta ba a lura ba. Wani sabon abu kuma shi ne batirin sola da wayoyinsa a ɗaki ɗaya da littattafai, don nan ne ɗakin da ke da makulli mai kyau.

Inda muka fi shan muhawara shi ne batun leda. Masu littattafai da yawa sun naɗe gafakarsu a leda da niyyar kare ta daga yoyo, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai dai leda ba ta barin takarda ta sha iska. Danshin da ke ciki yana nan a kulle, kuma da zarar laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100 ga zafi, funfuna ta samu wurin zama. Shawarar da muka bar wa kowane gida ita ce a naɗe da farin yadi mai tsabta, a ɗaga akwati daga ƙasa aƙalla taƙi guda a kan benci ko bulo, a janye shi daga jikin bango, wanda ke da bene kuma ya hau da shi sama. Leda tana da ranarta, ranar da za a fita da kaya cikin ruwa, amma da an isa tudu a cire ta.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma a ganina shi ne ya fi amfani, shi ne koyar da abin da za a yi wa takardar da ta riga ta jiƙe. Masana gyaran takardu sun daɗe da sanin cewa a yanayi mai zafi da danshi funfuna kan fara tsirowa cikin awa 48. Wannan ilimi ya bunƙasa ne bayan kogin Arno ya cika birnin Fulorans na Italiya a ranar 4 ga Nuwamba 1966, ya jiƙa littattafan babban ɗakin karatu na ƙasa da ke can. Awa 48 kwana biyu ke nan. A cikin kwana biyun nan babu ƙwararren da zai iso daga Kaduna ko Abuja, hanya ma wataƙila a yanke take. Wanda zai ceci littafin shi ne ɗan gidan, ko almajirin malam, ko maigadin laburare. Saboda haka su muka nema a zaman horon, ba shugabanni kaɗai ba.

Abu na farko da hannu ke kai wa shi ne shanya a rana, kuma shi muka fi hanawa. Rana takan sa takarda ta kanannaɗe ta yi ƙanƙas, fatar gafaka ta ƙandare ta tsage. Haka kara littafi kusa da murhu, ko goga shi da dutsen guga, ko murza shafi da tsumma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Inuwa ake nema, da iska mai ratsawa, ko fanka da ke kaɗawa a ɗakin ba tare da an saita ta kan takardar ba. A shimfiɗa farin yadi, a ɗora warƙa ɗaya-ɗaya, a riƙa sauya yadin idan ya sha ruwa. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, domin ruwan ambaliya gauraye yake da na masai da kwata, funfuna kuma tana kama ƙirji.

Rubutunmu na gado yana da nasa hali da ba a cika samu a littattafan koyarwa na waje ba, shi ya sa muka tsaya a kansa sosai. Tawadar da aka haɗa da ƙaro ruwa na narkar da ita, musamman ja da rawaya da ake yin wasali da ado da su. Idan aka danna shafi da tsumma, launin ya tafi har abada. Sannan littattafanmu ba ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a jere cikin bango, kuma galibi babu lambar shafi. Marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, da ita ake gane jeri. To idan ruwa ya ci gefen ƙasa, ga kuma masu taimako sun baza warƙoƙin littafi uku a tsakar gida, sai a wayi gari takarda ta bushe amma littafin ya watse. Don haka muka nace: littafi ɗaya, shimfiɗa ɗaya, mutum ɗaya, a jera daga dama zuwa hagu yadda aka ɗauko, a sa ƴar takarda mai lamba da fensir kusa da kowace warƙa. Wani abin farin ciki shi ne tsohuwar takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada a ƙarni na 19, da tsummoki aka yi ta, tana da juriya fiye da takardar littafin makaranta ta yanzu. Idan aka bi ta a hankali takan tashi.

Idan kayan sun fi ƙarfin hannun da ke akwai, daskarewa ce mafita. Sanyin firiza ba ya busar da takarda, amma yana tsayar da funfuna da zubar tawada har a samu sukunin busarwa kaɗan-kaɗan. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa wannan ba abin dogaro ba ne a gida, sai muka fara magana da masu ɗakunan sanyi na kifi da nama a garuruwan da muke da rassa. Sun saurare mu da mutunci, amma har yanzu maganar baki ce, ba a rubuta komai ba. A lura: kaset na murya da na bidiyo, da kayan itace da ƙwarya da ganguna, ba a sa su a firiza. Littattafai masu takarda mai sheƙi kuwa su ake fara kaiwa, don in suka bushe a manne ba sa ɓamɓaruwa.

A kan gobara ba mu yi abin da ya kai na ruwa ba. Mun tunatar da mambobi gobarar da ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos a Oktoba 2016, da ta ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu ranar 18 ga Afrilu 2021, inda bayan wuta ta gama nata, ruwan kashe ta ya gangara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sai da masu sa kai suka yi ta kwashe kaya. Jami'an kwana-kwana sun nuna wa mahalarta yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara da yadda ake duba ranar ƙarewar aikinta. Mun roƙi kowa ya kira mai gyaran wuta ya duba wayoyi kafin hunturu, ya kuma fitar da batiri da fetur ɗin janareta daga ɗakin littattafai.

Sai batun rubuta jerin abin da kowa ya mallaka da ɗaukar hotonsa. Nan muka gamu da ɗari-ɗari, kuma ina ganin dalilin masu ɗari-ɗarin. Akwai gidajen da aka taɓa karɓar littafin kakanninsu da sunan aro bai dawo ba. Darasin Tumbutu muka kafa musu. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka riƙe garin a 2012, iyalai da masu ɗakunan karatu, ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haidara, suka yi ta fitar da rubuce-rubuce dubban ɗaruruwa cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, zuwa Bamako. A Janairu 2013 aka ƙone kimanin 4,000 a cibiyar ajiyar rubuce-rubuce ta Ahmad Baba da ke Tumbutu. Waɗanda suka tsira kuma suka shiga wani haɗarin, domin takardar da ta saba da busasshiyar iskar hamada ta faɗa cikin danshin Bamako, sai da aka yi shekaru ana yi musu akwatuna, ana rubuta jerinsu, ana ɗaukar hoto. A Agusta 2025 aka fara mayar da su gida. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne iyalan sun san juna, sun amince da wanda ya zo karɓa.

A kan haka muka gina tsarinmu. Littafi ba ya barin gidan mai shi. A gabansa ake ɗaukar hoton, shi ke riƙe da kwafin farko, kuma ba a nuna wa kowa sai da izininsa a rubuce. Kwafi uku ake yi, ɗaya a ajiye shi a wani gari dabam, domin faifan kwamfuta da ke akwati ɗaya da littafin ruwa ɗaya zai ci su. Gidajen da suka yarda da farko su ne suka jawo mana maƙwabtansu, kuma muna godiya ta musamman ga malaman da suka shige mana gaba. Mun kuma roƙi kowane mai ajiya ya ware abin da za a fara ɗauka idan minti goma kawai aka samu, ya sa masa alama, ya sanar da mutum biyu a gidan inda makulli yake.

Mun kai ziyara ofisoshin hukumomin agajin gaggawa na jihohin da muke da rassa, muka roƙi a sa ɗakunan karatu da gidajen tarihi cikin wuraren da ake sanarwa. Ofishin sakatare ya riƙa tura wa rassa hasashen damina na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) da hasashen ambaliya na hukumar lura da koguna da ruwaye ta ƙasa (NIHSA) da zarar sun fito. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayu 2025 ta nuna cewa jiran watan Agusta kafin a shirya ganganci ne.

Akwai abin da ya rage. Kayan gidajen tarihi, irin su riguna da sirdi da lifidi da kayan fata, ba mu samu wanda zai koyar da ceton su ba. Tsofaffin kaset na karatun malamai da na mawaƙa ma suna jiran nasu shirin. Asusun gaggawa da aka amince da shi bai kai ya sayi akwatin kayan ceto ga kowane reshe ba, ma'aji zai yi bayani. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi sun nemi a yi zaman horo tare da su, kwamiti ya amince, saura tsayar da lokaci.

Kwamiti na neman taro ya amince da abu uku: kowane reshe ya miƙa sunayen mutum biyu da lambobin wayarsu waɗanda za a kira ko da tsakar dare, a rubuta yarjejeniya da masu ɗakunan sanyi, a kuma kammala duba rufi da indararo na duk wuraren da ke cikin jerinmu kafin ƙarshen Afrilu. Muna addu'ar Allah Ya jiƙan mambobinmu da suka rasu a cikin shekarar, Ya kare mu daga musibar ruwa da wuta.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa