Amsa ga ɗalibar da ta ce me ya haɗa fiziks da jikin mutum

Assalamu alaikum, 'yata.

A taron ɗaliban kimiyya kin tashi kin tambaye ni dalilin da ya sa ake ɗora muku fiziks a shekarar farko, alhali likitanci da nazarin halittu kuka zo karantawa. Har kika ce lissafin ƙwallon da ke gangarowa daga tudu bai taɓa warkar da kowa ba. Ƙorafinki yana da tushe, amma a ganina misalan da ake ba ku ne ba su dace ba.

Da jini nake so a fara muku. Poiseuille, wanda kuke haddace dokarsa don cin jarrabawa, likita ne ɗan Faransa, kuma gudun jini ne ya kai shi ga auna yadda ruwa ke bi ta siririn bututu a wajajen 1840. Abin da ya gano: in faɗin bututu ya ragu da rabi, kuma ƙarfin turawa bai canja ba, ruwan da zai bi ta ciki kashi 1 cikin 16 na da ne kacal. Ko kashi 1 cikin 5 jijiya ta tsuke, jinin da ke wucewa ba zai kai rabin na da ba, sai dai zuciya ta ƙara matsa lamba. Shi ya sa in aka kawo mai jego tana zubar da jini, nas take neman allura mai kauri kafin ta rataya ledar ruwa. Siririya tana da sauƙin sawa, amma kafin ruwan ya shiga an makara.

Ga kuma sikila, wadda da wuya ki sami unguwar da ba ta taɓa ba. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka sa wa sinadarin jan jini lantarki, suka ga na masu sikila yana tafiya dabam da na sauran mutane. Da wannan dabarar ake yawan yin gwajin da ke fitar da AA, AS ko SS kafin a ɗaura aure.

Lissafin kam ba za a sauke muku shi ba, wannan ki cire rai. Abin da nake kira ga 'yan'uwana malamai shi ne su zo aji da na'urar auna hawan jini, kowane ɗalibi ya auna na kusa da shi, sannan a tambaye ku me 120 bisa 80 take nufi kafin a rubuta komai a allo.

Allah ya ba da sa'a.

Malaminki