An buɗe makarantu a Kano, amma ina sauran yaranmu?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da mu masu turo wasiƙu. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in amayar da abun da yake cina a rai tunda aka koma makaranta ranar Litinin 12 ga watan Oktoban nan na 2020, bayan rufe makarantun da aka yi saboda annobar korona. Ni malamin firamare ne a ɗaya daga cikin makarantun gwamnati da ke cikin birnin Kano, aji huɗu nake riƙe da shi. Ba zan faɗi sunan makarantar ba saboda abun da zan faɗa ba namu bane mu kaɗai, duk abokan aikina da muke haɗuwa a masallaci ko wajen ɗaurin aure zancen kenan a bakinsu.

Da farko dai wallahi na ji daɗin buɗewar nan, kar wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a ci gaba da rufewa. Tun 23 ga Maris yaran nan suke gida, kusan wata bakwai cur, kasuwanni sun buɗe, masallatai sun buɗe, adaidaita sahu na ɗaukan mutane kamar yadda ya saba, an ɗage dokar kulle tun farkon Yuli, 'yan ajin ƙarshe na sakandare ma sun koma a Agusta sun rubuta WAEC ɗinsu, to ɗan talaka na firamare ne kaɗai zai zauna? Tsarin da ma'aikatar ilimi ta fito da shi na raba kwanaki shima ban ƙi shi ba, 'yan aji ɗaya da biyu Litinin da Talata, 'yan aji uku zuwa biyar Laraba zuwa Juma'a, ko ba komai mun samu ajujuwan da babu kowa mun rarraba yara a ciki, malaman ƙananan aji suna kama mana.

Abun da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun shine rajista. Ranar Larabar farko da yarana suka dawo na buɗe rajista na fara kiran suna, in kira uku huɗu a amsa, in kira na gaba shiru, sai wani daga baya ya ce Malam ai ya koma gareji, in kira wata a ce Malam tana talla, wani a ce sun tashi daga unguwar, wani kuma ba wanda ya san inda yake. Na ce ranar farko ce, ƙila labari bai kai wa kowa ba. Yau ga shi sati biyu da 'yan kwanaki, yara goma sha tara a ajina ban sa su a ido ba, goma sha biyu daga ciki mata ne. Kuma duk sanarwar da nake ji a rediyo maganar takunkumi ce da tazara da wanke hannu, ban ji wanda ya tambaye mu yara nawa ne basu dawo ba, balle a ce ku rubuto mana sunayensu.

Ranar Asabar da ta wuce na kasa haƙuri na bi sawun wata yarinya, ita ce ta fi kowa lissafi a ajin, irin yaran da kafin ka gama rubuta tambaya a allo hannunta yana sama. Na yi sallama a zaure, mahaifiyarta ta leƙo daga bayan labule muka gaisa, na ce mata baiwar Allah lafiya ban ga ɗiyata a makaranta ba? Ta yi shiru ta ce Malam ba ƙin karatu muke ba, Allah ya sani. Maigidan ɗan dako ne a Kantin Kwari, lokacin kulle ya yi makonni ba ya fita, 'yar jarin da take sana'ar awara da ita aka cinye da azumi, har keken ɗinkinta sai da ta sayar. Yanzu ta samu ta ranto kuɗi ta sake tada awarar, kuma yarinyar ce ke fita da ita tun safe, abun da ta kawo shi ake sayen garin tuwon dare. Ta ce Malam in ta tafi makaranta wa zai fitar mun? Ina tsaye sai ga yarinyar ta shigo da roba a kai, da ta ganni ta durƙusa ta gaishe ni tana ɓoye fuska da hijabinta dan kunya. Na dawo gida ranar ko abinci ban iya ci ba.

Malam Edita, wanda ba ya Kano a watan Afrilu ba zai gane yadda abun ya taɓa mutane ba. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar, ranar 16 da dare Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle, azumi ya kama 24 ga wata, sannan ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara mana sati biyu na kulle gaba ɗaya. Garin da mafi yawan mutanensa sai sun fita da safe suke samun na cefanen dare aka ce kowa ya zauna a gida, daga baya aka ɗan sassauta Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma zuwa huɗu, ka ga yadda ake turereniya a kasuwa a waɗannan awannin kamar jajiberin sallah, duk tazarar da ake magana ta tashi a banza. Wanda aka kama a waje kuma sai kotun tafi da gidanka.

A daidai wannan lokacin ne kuma aka riƙa mutuwa. Kullum ka buɗe Facebook sai innalillahi, kullum ka leƙa lungu sai ka ga an fito da makara, masu haƙar kabari a Ɗandolo da sauran maƙabartu suna cewa basu taɓa ganin irin haka ba. Mun rasa Farfesa Ibrahim Ayagi, mun rasa Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, mun rasa dattawan unguwa da ba jaridar da ta buga sunansu, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. A cikin kwanakin nan ne ɗakin gwajin da ke asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na wani ɗan lokaci, asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rage karɓar marasa lafiya dan tsoro, mai hawan jini da mai ciwon suga suka rasa inda za su. Hukuma ta ce zazzaɓin cizon sauro ne da hawan jini da sanƙarau, sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce binciken tawagar da aka turo ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Ban manta da alherin da aka yi ba, an buɗe wajen killace masu cutar a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha, Jami'ar Bayero ta buɗe nata ɗakin gwajin, likitoci da ma'aikatan jinya da yawa sun kamu a bakin aiki kuma basu gudu ba, Allah ya saka musu. Amma maganar da aka yi ta juyawa a Afrilu ta bar tabo, yau rabin iyayen yarana cewa suke korona ƙarya ce ta neman kuɗi, sauran kuma suna tsoron abun da basu san kansa ba, kuma duka ɓangarorin biyu sun daina sauraron sanarwa.

Su ma waɗanda suka dawo ɗin akwai aiki. An yi darussa ta rediyo da talabijin lokacin hutun, niyya mai kyau ce, amma gidan da rediyon ɗaya ce kuma tana hannun maigida, ko babu wuta babu kuɗin batir, wane darasi za a ji? Kuma yaron da bai gama iya haɗa baƙi ba ta yaya rediyo za ta riƙe masa hannu. Akwai yaron da a watan Maris yake karanta mun sakin layi guda ba gargada, satin jiya na ba shi alli na ce rubuta sunanka, ya tsaya yana kallon allo, ya rubuta harafin farko ya goge da hannun riga ya sake rubutawa, 'yan aji suka fara dariya na tsawatar musu. Ba laifinsa bane, wata bakwai yana tura baro a kasuwar 'Yankaba. Yanzu an ce mu ƙarasa zango na uku a gurguje a wuce gaba, ni kuma gani nake in ba a ba mu makonni mun koma baya mun tada karatu da lissafi daga tushe ba to gini za mu ɗora a kan rairayi.

Sai maganar ruwa, a taƙaice. An kawo mana bokiti mai famfo da sabulu mun gode, amma makarantarmu ba famfo ba rijiya, hedimasta ne ke kiran 'yan ga-ruwa yana biya daga aljihunsa, kafin a fita tara bokitin ya ƙafe. Takunkumi kuwa na ga wa da ƙani suna karɓa-karɓa da guda ɗaya a bakin ƙofa, wannan ya shiga ya miƙo wa wancan ta katanga. Rijiyar burtsatse ɗaya a kowace makaranta za ta yi mana maganin korona da amai da gudawa da taifot gaba ɗaya, ta fi mana fosta ɗari amfani.

Na dawo kan yaran da suka ɓace, dan su ne asalin kukana. Abun da ke ba ni ƙwarin gwiwa shine Kano ta san yadda ake nemo yaro a duk lungun da yake, mun gani da idonmu a yaƙin shan inna. Nan garin ne aka dakatar da rigakafin a 2003 saboda rashin yarda, aka dawo da shi a 2004, sannan aka yi shekaru ana bi gida gida, mata ma'aikata da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, mai unguwa ko wakilinsa a gaba, a ɗiga wa yaro a baki a shafa masa tawada a ɗan yatsa a rubuta da alli a jikin bango, gidan da aka ƙi a koma da dagaci da liman a zauna a yi magana ta fahimta. Da haka aka rabu da asalin ƙwayar cutar a jihar tun 2014, kuma a watan Agustan 2020 ranar 25 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nahiyar Afirka ta rabu da ita. To mutanen nan suna nan, masu unguwannin suna nan, sun san gidan kowa, sun san wanda ya haihu da wanda ya tashi. In aka iya nemo jariri a ƙuryar ɗaki dan ɗigo biyu, nemo 'yar shekara goma da kowa ke gani da robar awara a bakin titi ba zai gagara ba.

Roƙona ga mai girma Gwamna da kwamishinan ilimi da hukumar ilimin firamare ta jiha shine a umarci kowane hedimasta ya fitar da sunayen yaran da suke rajista a Maris amma basu dawo ba, aikin kwana ɗaya ne dan rajistocin suna hannunmu, a miƙa wa masu unguwanni ta hannun hakimai, a haɗa su da malami ɗaya da mace ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai su shiga gidajen. Kuma dan Allah kar a je da barazanar kamu ko tara, an sha wannan lokacin kulle, uwar da na ba ku labari ba taurin kai ke damunta ba, garin tuwo ne. A je mata da abun da zai maye gurbin cinikin safiya, ko ɗan jari ne, ko a tabbatar yaro zai ci abinci a makaranta, mu shaida ne ranar da ake rabon abinci aji cika yake maƙil. A watan Satumban 2019 aka yi gagarumin taro aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a jihar nan, mun yi murna, yara suka yi ta tururuwa har muka rasa wajen zama, bai kamata waɗanda muka samu da ƙyar su sulale muna kallo ba. Limamai ma ina roƙonsu su sa maganar a huɗubar Juma'a, mutanenmu sun fi jin ta daga bakinsu.

Ni dai na koma gidan nan jiya da yamma, mun yi da mahaifiyar cewa tunda kwana uku ne kawai a sati, yarinyar za ta riƙa zuwa da safe in an tashi ta fita da awarar, maƙwabciyarsu kuma ta yarda za ta ajiye robar a ƙofar gidanta kafin nan. Ta ce in sha Allahu zan ganta ranar Laraba. Saura goma sha takwas, kuma shida daga cikinsu ko gidajensu ban sani ba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani malamin firamare daga birnin Kano