A daina raina horon binciken da laburaren makarantun likitanci ke bayarwa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda ɗalibanmu na likitanci, da ma mu da muke gaba da su, muka yi watsi da bitar koyon bincike da laburare ke shiryawa. Ni likita ne, ina cikin masu duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe a wata makarantar likitanci a nan Arewa, ba sai na kama suna ba. Laburare zai manna sanarwa, a tura a guruf-guruf na WhatsApp cewa za a koyar da yadda ake neman bayanai a PubMed da Hinari, wato rumbunan maƙalun likitanci na intanet, da yadda ake jera manazarta, kyauta fa ba ko sisi, amma in ka leƙa ɗakin sai ka tarar kujeru sun fi mutane yawa. Sai lokacin furojet ya matso kowa ya rikice, a nufi shagon kwamfuta a biya yaro ya yi ta kwafo abu daga Google yana mannawa, a kawo maka babi na biyu shafi ashirin wanda shi kansa mai furojet ɗin in ka tsare shi ba zai iya faɗa maka inda aka samo layi ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kayan aikin suna nan, ba wai babu ba ne. PubMed tun 1997 babban laburaren likitanci na gwamnatin Amurka ya buɗe shi kyauta ga duk mai intanet, yanzu akwai bayanan maƙalu sama da miliyan 35 a ciki. Malamanmu na da sai dai su zauna su yi ta buɗa manyan kundayen Index Medicus masu jerin sunayen maƙalun likitanci shekara bayan shekara, in sun ga maƙalar da suke so kuma ba lallai mujallar tana ƙasar ba ma. Hinari kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ƙaddamar da shi a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i guda 6, saboda makarantu da asibitocin ƙasashe marasa ƙarfi su samu mujallun da ake sayarwa da tsada, ko dai kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, yanzu yana ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa na Research4Life. Makaranta ce ke rijista, kuma yawanci a laburare ake karɓar hanyar shiga. To ɗalibin da bai taɓa taka ƙafa can ba ina zai san da wannan? Sai ya ci karo da maƙala an ce ya biya dala talatin ko arba'in, ya rufe shafin ya haƙura. Rijiya ta bayar guga ya hana ke nan, sai dai a nan gugan mu ne da kanmu.

Wasu za su ce ai neman abu a intanet ba sai an koya wa yaran yanzu ba, sun fi mu iya waya. Eh sun iya waya, amma wallahi iya danna waya daban, iya bincike daban. Ka ba yaro ya nemo maka abin da aka rubuta kan sikila da shanyewar ɓarin jiki a yara, sai ya rubuta doguwar jimla guda a akwatin nema, sakamako dubbai su fito, ya ɗauki biyar na sama ya tafi. Wanda ya je bitar nan ya san zai fara yanka tambayarsa gida-gida, su waye marasa lafiyar, wane magani, da me ake kwatanta shi, wane sakamako ake dubawa, sannan ya haɗa kalmomin da AND da OR, ya yi amfani da MeSH, wato jerin kanun da ake liƙa wa maƙalu saboda duk sunan da marubuci ya kira cutar da shi a same ta a wuri guda, ya tace da shekara da irin binciken. Cikin minti kaɗan zai ci karo da gwajin SPRING da aka yi a nan Arewa, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na ciki, tare da abokan aiki daga jami'ar Vanderbilt ta Amurka, kan amfani da maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, wanda ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. Aiki ne da aka yi a kan 'ya'yanmu a ƙofar gidanmu, amma sai ka ga furojet kan sikila daga farko har ƙarshe ba a ambace shi ba, sai alƙaluman wasu ƙasashe na shekaru ashirin da suka wuce.

Haka mujallunmu na gida. Shafin intanet na AJOL (African Journals Online) na nan da ɗaruruwan mujallun Afirka, Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato tana cikin PubMed, amma yaro zai rantse maka babu wanda ya taɓa bincike a kan maudu'insa a Najeriya. Bai duba ba ne kawai.

Ɓangaren da ni a ganina ya fi komai muhimmanci shi ne koyon tantance abin da ka samo, don ba duk abin da aka buga ne gaskiya ba, kuma mu rai muke riƙewa. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakurai na ganganci a kan wani sinadari wai yana maganin ciwon daji, ya saka sunayen marubuta da cibiyoyi na ƙarya masu kama da na Afirka, ya tura wa mujallu 304 irin na karanta-kyauta, 157 suka amsa za su buga. Mujallar Science ce ta fitar da labarin. Irin waɗannan mujallun 'yan a-ba-mu-kuɗi har gobe suna cika mana imel da gayyata da kirari, kuma abin kunya akwai manya a cikinmu da suka tara takardun neman ƙarin girma da su. Ko manyan mujallun ma ba su tsira ba, kowa ya tuna lokacin korona a watan Mayun 2020 da mujallar Lancet ta buga wani bincike kan maganin hydroxychloroquine da aka ce an tattaro daga marasa lafiya kusan 96,000, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da sashen gwajinta na maganin, ba a yi sati biyu cikakku ba aka janye maƙalar saboda an kasa tabbatar da alƙaluman da kamfanin Surgisphere ya bayar aka yi binciken da su. Wanda aka koya wa aiki ya san PubMed na saka alama a kan maƙalar da aka janye, Zotero ma, wato manhajar adana manazarta, yana yi maka gargaɗi in ka ajiye irinta. Wanda ya kwafo daga furojet ɗin wani kuwa haka zai ɗauko ta da ƙurarta.

Ga kuma sabon salo, ChatGPT. Ban ce kar a taɓa shi ba, amma yana iya ƙirƙiro maka manazarta da sunan marubuci da shekara da lambar shafi tsaf, ka je nema ka tarar babu wannan maƙala a duniya. Na sha kama irin wannan, in ka tambayi yaro sai ya yi ta sosa ƙeya.

Maganar jera manazarta ba zan ja ta ba. Salon Vancouver da muke amfani da shi tun taron editocin mujallun likitanci na 1978 yake, Zotero kyauta ne kuma zai jera maka lambobin da kansa, zama ɗaya ya isa a koya, amma har yau akwai rezidan, wato likita mai horon ƙwarewa, da ke kwana yana gyara lamba da hannu saboda sufabaiza ya ce a ƙara sakin layi ɗaya a tsakiya.

Sai dai gaskiya ba zan ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. Kwas ɗin amfani da laburare a aji ɗaya ake yin sa, a cikin cunkoson kwasa-kwasan gama-gari, lokacin yaro bai ma san me zai bincika ba, ya haddace ya ci jarabawa ya manta, sai bayan shekara huɗu ko biyar a ce ya rubuta furojet. Ita kuma bitar sai a saka ta ƙarfe goma na safe daidai lokacin zagayen marasa lafiya, wane ɗalibi ne zai bar kwansaltan a tsaye ya tafi laburare? In ma an je, a ɗauke wuta, netwok ya ƙi, a koma nuna hotuna a allo alhali wannan abu sai da hannu a kan kwamfuta ake iya shi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu likitoci kallon masu gadin littattafai muke yi wa ma'aikatan laburare, alhali akwai masu digiri na biyu da na uku a cikinsu waɗanda suka fi mu sanin wannan fanni nesa ba kusa ba, girman kai ne kawai ke hana farfesa zama ƙaramar ma'aikaciya ta koya masa.

Roƙona ga shugabannin kwalejojin likitanci shi ne a ɗauko wannan horo a saka shi cikin jadawali a farkon zangon da ake raba maudu'in furojet, a ba shi maki, a bar ma'aikatan laburare su koyar da kansu, kuma kar sufabaiza ya sa hannu a furofozal sai ɗalibi ya nuna kalmomin da ya nema da su da inda ya nema da ranar da ya nema. Rezidan masu shirin rubuta kundin ƙwarewa su ma a yi musu nasu da yamma ko ranar Asabar. In kuɗin TETFund na laburare ya shigo a ware wani abu a saka sola da intanet mai ƙarfi a ɗakin kwamfutocin, a kuma tura ma'aikatan ƙarin horo. Makarantun nas da ungozoma da na kimiyyar lafiya da ke kusa a riƙa gayyatarsu, don su ma furojet suke rubutawa kuma shagon kwamfuta ɗaya suke zuwa da namu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani likita mai duba furojet ɗin ɗalibai